Minti Shidan Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari na kakarsa ne. Ana yaye ni aka kai ni Birniwa wurin mahaifiyar babana, can na girma har na gama sakandare. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana ƙauyenmu na bakin fadama, gabas da Haɗeja. Asalinmu Fulani ne, ko da yake shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, shinkafa da tattasai suka gaje su, Fulatancin ma sai ɗan na gaisuwa. Abin da bai ƙare ba shi ne kunya. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, in za ta yi zancena sai ta ce mutumin Birniwa. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta kallon idona, in na durƙusa na gaishe ta amsar takan fito ne tana kallon murhu. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, haka ake yi wa kowane ɗan fari a danginmu. Amma in na ce bai taɓa cin raina ba, na yi ƙarya.

Shekarar da korona ta shigo, Inna na cikin waɗanda ta kayar. Lokacin babanmu ya daɗe da rasuwa, ni kuma ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a wani asibiti a Haɗeja. A ƙauye ana ta musun ciwon, wai na masu hawa jirgi ne, sai ga tsohuwar da ko Kano sau biyu ta taɓa zuwa tana neman iska kamar kifin da aka jefo kan tudu. Aka kwantar da ita, aka sa mata iskar numfashi, Allah ya yi da sauran kwana ta tashi. Ƙanwata, autarmu, ita ta yi jinyarta. Ni iyakata kawo magani da tsayuwa a bakin ƙofa, don ko a wannan halin in na shigo ɗakin sai ta ja mayafi ta juya wa bango fuska.

Bayan shekara biyu da wani abu, wasu masu bincike suka zo da wani aiki. Suna son a bi waɗanda ciwon ya kwantar suka tashi, a auna abin da ya bar musu a jiki. Wanda aka samu numfashinsa bai koma daidai ba, za a sa shi a wani jeri, likitan ƙirji zai zo daga Kano ya duba shi, a yi masa hoton ƙirji, a ba shi magani, a ci gaba da bibiyarsa. Jerin ba mai ɗaukar kowa ba ne, takardar awo ce ke shigar da mutum ko ta bar shi a waje. Aka ɗauke mu mu kaɗan, aka koya mana aikin.

Awon kashi biyu ne. Da farko tambayoyi, sannan tafiya. Za ka auna fili da igiya, ka sa alama a nan ka sa a can, mutum ya yi ta kai da komowa har minti shida, da iyakar saurin da zai iya. In ya gaji yana da damar tsayawa, kai dai ka rubuta. Kana riƙe da agogo, kana ƙirga zagaye, kana kallon fuskarsa da leɓɓansa. Yana tsayawa, nan take kafin ya huta, ka maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa, ita za ta nuna yawan iskar da ke cikin jininsa. Shugabar aikin ta nanata mana wannan har muka gaji da ji, cewa in aka bari mutum ya huta, lambar da za ta fito ba ta da amfani.

Ba yabon kai ba, na iya aikin nan, kuma iyawar ce ta kumbura min kai. Tambayoyin daga wata ƙasa aka rubuto su, har da wai ko kana iya hawa bene ba ka tsaya ba. Wane bene a ƙauyen da ruwa ke rushe wa ɗaki duk bayan 'yan shekaru? Ni na ba da shawara aka mayar da shi hawan gaɓar kogi da bokitin ruwa. Mata mu tambaye su daka da surfe, maza kuwa yankan kachala, ciyawar nan da ke toshe mana hanyoyin ruwa, da tura kwale-kwale da gora. Na kuma san mutanenmu. Ka tambayi Bahaɗeje yaya jiki, ko yana bakin kabari Alhamdulillahi zai ce maka. Saboda haka ba na tsayawa a nan. Akwai wani masunci da ya rantse min garau yake, na ce to sau nawa yake hutawa tsakanin gidansa da masallacin Juma'a. Ya ce ai ba hutawa yake ba, gaisawa yake da mutane. Na aika aka tambayo matarsa, ta ce rabonsa da shiga ruwa tun kafin ciwon, komarsa ta kamun kifi ma ɓeraye sun cinye. Daga ranar na riƙe ƙa'ida, duk wanda na auna sai na tambayi wanda yake kwana gida ɗaya da shi.

Abokiyar aikina wata dattijuwar ungozoma ce 'yar Miga, kowa Hajiya yake ce mata. Ta girme ni nesa ba kusa ba, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Takan ce da ni Likita Bokan Turai in ta ga na cika iyayi. Ranar da aka raba mana sunayen ƙauyukan gabas, sai ga sunan Inna a cikin nawa. Doka ce a aikin, ba ka auna ɗan'uwanka. Hajiya ta miƙo hannu ta ce in ba ta wannan, ta ba ni ɗaya daga nata. Na ce ta bari kawai, hanya ta yi mata nisa, ni kuwa dama zan je gida. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ita dai ta haifi ɗan fari, ta san abin da take faɗa. Na yi dariya na soke takardar a jaka.

Ba nisan hanya ba ne. So nake Inna ta gan ni da farar riga da agogo a wuya ina aikin da ake biyana dominsa. Shekara talatin da 'yan kai ban taɓa jin ta ce madalla a kan wani abu nawa ba, sai dai a gaya min wai ta faɗa a bayan idona. Na ƙudura a raina cewa ranar dole ta dube ni, tunda aiki ne ya kawo ni ba gaisuwa ba.

Na je da hantsi, bayan an gama girbin shinkafa. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na baje takardu. Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta ba ni gefe, Auta ta zauna a tsakaninmu. Haka muka yi tambayoyin, ni in tambayi takarda, Inna ta amsa wa Auta. Ko tana iya daka? Ce masa ina yi. Ko tana hawa gaɓar kogi da ruwa? Ce masa lafiya lau. Ko numfashi na tashinta daga barci? Ce masa Alhamdulillahi. Sau ɗaya Auta ta buɗe baki, ta ce, "Amma Inna ai..." Inna ta ce ta tashi ta duba tukunya kada ta ƙone. Na ji wannan sarai. Ni da nake aikawa a tambayo matan masunta, ga ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya a gabana, ban bi ta madafa na ce ƙarasa min maganarki ba. Amsoshin sun yi min daɗi, shi ya sa.

Muka fita masussukar bayan gida, inda ƙasa take a daddaɓe. Na ja igiya, na kafa kara a kowane ƙarshe, na zuba tsakuwa a aljihun dama, duk zagaye ɗaya in mayar da ɗaya aljihun hagu. Na yi wa Auta bayani, ita kuma ta maimaita wa Inna abin da Innar ta riga ta ji da kunnenta, har da cewa in ta gaji ta tsaya, ba laifi ba ne. Inna ta gyara ɗaurin zaninta, na danna agogo.

Ta yi tafiya kamar mai sammakon kasuwa. Ba ta tsaya ba, ba ta dafa ƙugu ba, ko tari ba ta yi ba. An ce mu riƙa kallon fuska da leɓe, to ni ban saba kallon fuskar Inna ba, ita ma ba ta saba bari ba, ta ja mayafi har goshi ta karkata kai duk sa'ad da za ta wuce ni. Sai na kalli ƙafafunta da agogona. Tsakuwa na ta komawa aljihun hagu, ni kuwa daɗi na ta cika ni, ina cewa a raina ga jinin Fulani, tsofaffin birni su zo su gani.

Ina cewa lokaci ya cika, ba ta ko juyo ba, ta zarce cikin gida ta shige ɗaki ta saki labule. Ga na'ura a hannuna. Aikina shi ne in tare ta a wurin, in kama yatsanta in maƙala. Ban taɓa riƙe hannun Inna ba tun da na yi wayo, kuma ba zan iya ɗaga mata labule ba. Na ba Auta na'urar na ce ta shiga ta sa mata. Auta ta shiga, shiru, shiru. Na zauna a tabarma ina jera takardun da ba sa bukatar jerawa. An fi rubu'in awa kafin ta fito ta miƙo min, idonta ja, ta faɗi lambar. Lambar ba ta da laifi sosai. A takardar akwai gurbin da ake rubuta ko nan take aka auna, na sa alamar e. Na ci tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi, na yi sallama daga bakin ƙofa, aka amsa min daga ciki da murya ƙasa-ƙasa, na hau babur na koma Haɗeja.

Washegari a ofis har da nuna wa mutane takardar, ina cewa tsohuwata ta fi wasu samari zagaye. Hajiya ta karɓa ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni ko ni da hannuna na maƙala mata abin a yatsa. Na ce e. Ta ce to madalla, ta miƙo min. Wannan e ɗin ta fi ta takardar muni, don a takarda ina iya cewa ruɗewa na yi, a gaban Hajiya kuwa na san abin da nake yi.

Aka rufe jerin babu sunan Inna. Likitan ya zo, ya duba mutane, masuncin nan ma an yi masa hoto an ba shi abin shaƙa, har ya aiko min da kifi. Ni kuma na ci gaba da zuwa gida duk bayan mako biyu ko uku, in durƙusa in gaida Inna, ta amsa tana zaune, in tashi. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa kullum a zaune nake samunta ba.

Da damina ta yi nisa ruwa ya zo, kamar yadda yakan zo mana. Kogi ya ƙetare jingar da ke tare shi ya shiga gonaki, ya doshi gidaje, mutanen ƙauye suka kwashe abin da za su iya suka nufi tudun da ke bakin titi. Tafiyar ba ta da wani nisa, yara ma da ƙafa suke yin ta. Ina wurin aiki ban san abin da ake ciki ba sai bayan kwana biyu, da Auta ta zo ta same ni a asibiti. Ta ce sun koma gidan kawunmu a Malam Madori, kowa lafiya. Sannan ta ce in fito waje tana da magana.

A gindin wata darbejiya ta gaya min cewa Inna ba ta iya kaiwa tudun ba. Ta faɗi a hanya sau biyu, leɓɓanta suka yi baƙi, sai a baro aka tura ta kamar buhun shinkafa, gaban duk mutanen gari. Na fara faɗa irin na manyan yayye, ina cewa wane irin sakaci ne wannan, mutum ba shi da lafiya a rasa mai gaya min, ni da nake aikin asibiti. Auta ta bari na gama. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Yaya, tun da aka sallamo ta a zaune take salla. Ni nake daka, ni nake ɗebo ruwa. Ranar da ka auna ta, da na shiga ɗaki a ƙasa na same ta, ta cusa mayafi a baki don kada ka ji. Kwana uku ba ta fito tsakar gida ba."

Na ce to me ya hana ta faɗa min a ranar.

"Ta hana ni. Kai kuma ba ka tambaye ni ba."

Ban san sa'ad da na zauna a kan tushen bishiyar ba. Kunya iri-iri ce, na san wadda aka raine mu da ita, ta sunkuyar da kai gaban manya, mai kyau da ita. Wannan daban ce, irin wadda za ka ji ina ma ƙasa ta tsage. Bayan awon nan nawa uwata ta ƙara kusan shekara tana haki a ɗaki, likitan da zai duba ta ya zo har garin da nake ya koma, kuma rubutun hannuna ne ya tare mata ƙofa.

Hajiya na fara gaya wa. Na zaci za ta wanke ni tas, na ma fi son hakan, sai kawai ta ce ta sani tun ranar, don babu ɗan farin da zai kama yatsan uwarsa a ƙasar nan, ita ma da laifinta da ta yi shiru. Ta raka ni wurin shugabar aikin. Ita kam ba ta raga min ba. Ta ce likitan zai sake zuwa sau ɗaya kafin a rufe aikin, in aka sake awon aka ga Inna ta cancanta za ta yi ƙoƙarin saka ta, amma sai na rubuta da hannuna cewa awon farko ba daidai aka yi shi ba, da dalili. Ta kuma karɓe sauran sunayen da ke hannuna ta ce a sake duba su. Na rubuta. Layi huɗu ne kacal, amma sai da na yaga takarda uku.

Muka tafi Malam Madori ni da Hajiya, a kan sharaɗin cewa Inna ba za ta san na zo ba. Hajiya ta shiga da sallamarta, ni na tsaya a lungu, bayan katangar gidan kawu, inda ake ɗaure awaki. Katangar ƙasa ce, ba ta da tsawo, duk abin da ake faɗa a tsakar gida ina ji.

Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawo haka ba. Ashe tana da hira, har da ban dariya. Ta ce wa Hajiya ƙirjinta ya zama kamar tsohuwar salka, ana zuba iska tana zurarewa. Ta ce Fatiha ma sai ta yanka ta gida uku. Ta ce abin da ya fi damunta jikokinta, ba ta iya goya ko ɗaya. Tana faɗa tana tsayawa tana jan numfashi, Hajiya na ce mata sannu Yaya, sannu. Ni ina tsaye cikin kashin awaki ina jin labarin uwata a bakin uwata karo na farko, kuma ba ni ake ba wa ba.

Aka zo tafiya. Na ji Hajiya ta ce bismilla, na duba agogon hannuna. Takun silifas ɗin Inna ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya fara ja. Ba a cika minti biyu ba ya tsaya. Sai haki, mai ƙara, da wani siririn fito a ƙarshensa. Na ji an jawo kujera, na ji Hajiya ta faɗi lambar na'urar a hankali tana rubutawa. Na san lambar, na san abin da take nufi.

Da numfashin ya ɗan lafa, sai Inna ta ce, "Hajiya, wannan takardar taki, in ta saɓa da ta mutumin Birniwa, shi za a ce bai iya aiki ba ko?"

Hajiya ta ce kada ta damu da wannan.

"A'a, gaya min. In haka ne bari in huta in sake. Wancan karon ma na kai, yanzu ma zan kai."

Na ji ƙarar kujera, tana ƙoƙarin miƙewa. A nan na karya sharaɗin. Na ɗaga murya ta saman katanga na ce, "Inna, don Allah ki zauna. Ni na ɓata aikina, ba ke ba. Ki yafe min."

Na jira amsa, ko ta bakin Auta ce, ba ta zo ba. Can sai na lura hakin ma ya ɗauke. Ba sauƙi ta samu ba, ta san ina nan ne, ta riƙe shi. Na ji Hajiya na ce mata saki, Yaya, saki numfashin, sannan ta ɗaga murya ta ce da ni in bar wurin. Na bi lungun da sauri na fita har bakin titi, na tsaya wurin masu sayar da kankana kamar mai jiran mota.

Takardar Hajiya ta shigar da Inna jerin. Likitan ya ce huhun ya yi tabo, tabo kuwa ba ya gogewa, amma da an fara mata magani da motsa numfashi tun zuwansa na farko da ba ta sha wuya haka ba. Ya faɗa ne yana rubutu, bai san ko wane ne ni da ke tsaye a bayansa ba. Yanzu tana da abin shaƙarta, tana zagaya tsakar gida safe da yamma yadda aka koya mata, wasu ranakun har takan yi raka'a biyu a tsaye. Maganar yafiya ba ta taɓa tasowa ba, Auta dai ta ce min ranar da na yi magana ta katangar nan, da daddare Inna ta tambaya ko an ba ni abinci kafin in tafi.

Har yau in na je gaishe ta ba na daɗewa. In durƙusa, in tambayi jiki, a ce Alhamdulillahi, in ajiye abin da na kawo in miƙe. Dangi suna cewa aikin asibiti ya sa min girman kai, ko zama wurin uwata ba na iya yi, kawu ma ya taɓa kirana ya yi min nasiha a kai. Na ce na gode, zan gyara. Auta kaɗai ta san ina tashi ne don Inna ta samu ta saki numfashinta.